Tambayi Likita: Wai allurar kashe jijiya ta aikin baya tana gurgunta mutum?

Saƙonnin wannan makon kamar an haɗa baki, kusan duk na ciwon baya ne da tiyata, sai na tsinci guda biyar da suka shafi allurar da ake yi dan rage zafi. Kamar kullum ba ma saka suna, unguwa kawai.

Tambaya daga Mile 12, Legas:

Salam likita Allah ya ƙara basira. Ni ɗan kasuwa ne ɓangaren albasa, Babanmu ne ya kusa shekara biyu yana fama da ciwon ƙugu yana sauko mai har ƙafar hagu kamar ana ja mai wutar nepa, an yi ƙaho an yi shafe-shafe an sha na gargajiya ba sauƙi, ƙarshe dai aka yi hoton MRI suka ce guringuntsin da ke tsakanin ƙashin baya ne ya ɓullo ya danne jijiya sai an yi aiki, to mun yarda har an saka rana, sai jiya likitan sa barci ya zo yake ce mana in Baba ya yi barci za su yi mai wata allura a baya ta kashe jijiya dan kar ya ji zafi in ya farka, wlh tunda Innarmu ta ji haka ta ce sam ba da ita ba, wai allurar bayan da aka yi mata lokacin da aka ciro autanmu ita ce har yau ta bar ta da ciwon baya, kuma wani maƙocinmu ya ce ya san wanda aka yi wa bai ƙara takawa ba. Dan Allah meye gaskiyar magana, mu sa hannu ko mu ce a bar allurar a yi aikin kawai?

Amsa:

Wa'alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya ya sa kaffara ce. Ka gaishe min da Inna, ka ce mata ban ga laifinta ba, duk matar da aka ce za a kashe wa mijinta jijiya dole gabanta ya faɗi. Laifin bakinmu ne mu ma'aikatan asibiti, mun rasa kalma sai muka ɗauko kisa. Ba abin da ake kashewa. Jijiyar da ke kai saƙon zafi zuwa ƙwaƙwalwa ake sa wa barci na wasu awoyi, in maganin ya gama aikinsa jini ya kwashe shi hanta ta narkar, jijiya ta farka ta ci gaba yadda take. Ka taɓa cire haƙori aka tsira maka allura a dasashi leɓe ya yi maka nauyi? To dangi ɗaya ne. Na mai haƙori galibi lidokain ne mai saurin sakin mutum, namu bufibakain ne ko rofibakain masu daɗewa. Kuma ba jiya aka fara amfani da su ba, lidokain tun 1943 aka haɗa shi a Suwidin, bufibakain kuma 1957.

Sannan allurar Inna daban, ta Baba daban, wannan shi ne abin da nake so ka zauna ka fahimtar da ita a tsanake. Ƙashin baya ba sanda ɗaya ba ne, gaɓa-gaɓa ne aka jera, biyar daga ciki suna ƙugu, su ne za ka ga an rubuta L1 zuwa L5 a takardar hoton Baba, kuma ina kyautata zaton tsakanin L4 da L5 ne nasa ya ɓullo ko ƙasa da nan kaɗan, dan nan ne ya fi faruwa. Tsakiyar gaɓoɓin nan akwai rami kamar bututu, nan laka ta bi, a cikin wata jaka mai ruwa. Allurar da ake yi wa mata in za a ciro yaro, wadda muke ce wa sifainal, ana bi da ita tsakanin gaɓa biyu har ta huda jakar nan a zuba magani ɗan mitsitsi bai kai cokalin shayi ba, nan take daga ƙirji zuwa ƙasa ya mutu murus, ƙafa ba ta ɗaguwa awa biyu zuwa huɗu. Tsohuwar dabara ce, wani likita August Bier ya fara ta a Jamus a 1898.

Ta Baba kuwa, tunda aka ce sai ya yi barci za a yi kuma dan zafin bayan aiki ne, ta fi kama da wadda muke kira ESP. Shafa bayanka yanzu, akwai wani nama mai tsawo hagu da dama na kwarin baya, shi ke riƙe mutum ya tsaya a miƙe. Ƙarƙashin naman nan kowace gaɓa tana da ɗan reshen ƙashi da ya fito gefe kamar fiffike. Likita zai ɗora na'urar sikanin irin ta masu ciki, yana kallon allurar a allo tana tafiya har ta dunguri reshen ƙashin nan, kuma ƙashin shi ne birkinta, ba ta da hanyar wucewa. Sai ya zuba maganin, galibi wajen mililita 20 kowane gefe, kamar cokalin shayi huɗu kenan, ya bi tsakanin nama da ƙashi ya malala sama da ƙasa ya jiƙa ƙananan jijiyoyin da ke kula da naman baya da fatar wurin, daidai inda wuƙar likitan tiyata za ta bi. Ba a shiga bututun laka ba, ba a huda jaka ba, shi ya sa ƙafa take motsinta. Kuma da gangan muke son haka, dan abu na farko da likitan tiyata zai ce in Baba ya buɗe ido shi ne Baba motsa yatsun ƙafarka mu gani, in da mun kashe mai ƙafa da allura ai mun rufe wa kanmu ido. Wannan dabarar sabuwa ce in aka haɗa da waccan, a 2016 wani likita Mauricio Forero da abokan aikinsa a Kanada suka fara bayyana ta, su ma dan ciwon ƙirji suka yi, daga baya masu aikin nono da karayar haƙarƙari da masu aikin baya suka ɗauka.

To me take saya wa Baba? Zafin kwanakin farko bayan aikin baya yawancinsa ba daga jijiyar da aka ceto yake zuwa ba, daga naman da aka ɗaye daga jikin ƙashi aka ja gefe aka riƙe da ƙarfe awa ɗaya ko biyu ko fiye yake zuwa. In ba a yi allurar nan ba dole a cika mutum da magungunan zafi masu ƙarfi irin su mofin ko fenta (wato pentazocine), su kuma kowa ya yi jinya ya san halinsu, amai, jiri, barcin da ba daɗi, bayan gida ya ɗaure, fitsari ya ƙi fita, dattijo kuma wani lokacin ya rikice ya dinga kiran mutanen da suka rasu, in ya yi yawa ma numfashi ya ja baya. Da allurar ana rage yawan waɗannan sosai a kwanan farko, sai ka ga mutum ya iya juyawa a gado, ya yi tari, washegari an kama shi ya taka. Takawar nan ba kwalliya ba ce, ita ke hana jini daskarewa a jijiyar ƙafa da majina taruwa a huhu.

Amma kar wani ya sayar muku da ita fiye da kuɗinta. Awa 12 zuwa 24 take yi a mafi yawan mutane ta sake su. Ba ita ke gyara guringuntsi ba, kuma ba ita za ta yanke yadda Baba zai kasance nan da wata shida ba, wannan na aikin ne da gashin ƙashi da yadda jijiyar ta jigata kafin a zo.

Haɗari akwai, ba zan ce maka babu ba. Babba shi ne maganin ya shiga jini da yawa lokaci ɗaya, wanda yake a farke zai ji ɗanɗanon ƙarfe a baki, kunne na ƙara, leɓe ya mutu, in ya yi tsanani a yi jijjiga ko bugun zuciya ya rikice. Shi ya sa ake auna nauyin mutum a lissafa maganin da kilo, ana zuba shi kaɗan-kaɗan ana kallon na'urar zuciya, kuma akwai maganinsa, wani farin ruwa kamar madara mai suna Intralipid da ake ajiyewa a ɗakin tiyata. Jefi-jefi kuma maganin yakan zarce ya taɓa jijiyar ƙafa ta yi nauyi na wasu awoyi sannan ta sake. In Baba yana shan maganin tsinka jini ko akwai ƙurji a bayan, ko wurin ƙahon nan bai gama warkewa ba, ku faɗa tun yanzu.

Batun bayan Inna, an bibiyi mata da yawa, waɗanda aka yi wa allurar baya wajen haihuwa da waɗanda ba a yi wa ba, ba a ga masu allurar sun fi sauran ciwon baya na shekaru ba. Wurin yakan yi tsami na kwanaki, wasu su yi ciwon kai mai tashi in sun miƙe, shi ma ya wuce. Ka lissafa min ciki nawa Inna ta ɗauka, goyo nawa, wanki da shara a sunkuye shekara nawa, sannan ka tambayi ƙawayenta da suka haihu a ɗaki ba allura ko su bayansu lafiya lau. Allurar dai ita ce ake tunawa dan tana da rana da wata. Ciwonta gaskiya ne, kuma tunda kuna zirga-zirgar asibitin nan ku yankar mata kati ita ma a duba ta. Maƙocinku kuwa labari ya ji, kuma mu da muke ciki abin da muka fi gani shi ne mutumin da aka yi ta yawo da shi gidan masu ɗori har ƙafa ta riga ta shanye sannan aka kawo shi, in bai tashi ba sai a ce allura ce.

Da Babana ne zan sa hannu. Ku koma wajen likitan ku tafi da Inna, ku tambaye shi sunan allurar, ku tambaya da na'urar sikanin zai yi, ku tambaya in ta sake shi cikin dare wane magani aka tanada, sannan kuɗinta na cikin lissafin da aka ba ku ko daban ne. In Turanci ko Yarbanci zai kawo cikas ku ce a nemo mai jin Hausa ya fassara, kar Baba ya dinga gyaɗa kai dan kunya. In kuma duk da haka Baba da kansa ya ce ba ya so, haƙƙinsa ne, aikin ba ya tsayawa, likitan tiyata yana iya zuba irin maganin a bakin yankan kafin ya ɗinke.

Tambaya daga Agege:

Likita barka da aiki, maigidana tela ne an yi mai aikin baya yau kwana huɗu, ranar da aka fito da shi sai hira yake yana dariya har yana cewa ashe abin ba wuya, da magariba nas ta kawo magani ya ce shi ba ya jin komai a bar shi, wajen ƙarfe biyun dare kawai sai ga bawan Allah yana juyi yana salati gumi sharkaf, mutumin da ban taɓa ganin hawayensa ba, tun daga nan hankalina bai kwanta ba duk da yanzu da sauƙi, 'yan uwansa suna cewa wai aikin ne ya ɓaci ake ɓoye mana. Dan Allah haka ne?

Amsa:

'Yar'uwa kwantar da hankalinki, abin da kika kwatanta ba alamar ɓacin aiki ba ce, allura ce ta sake shi. Yankan yana nan tun safe, labule kawai aka sakar mai, kuma labulen nan ba a hankali yake ɗagewa ba a wasu mutane, yaye shi ake yi lokaci ɗaya, kuma tunda yawancin aiki da safe ake yi lissafin sai ya faɗa tsakar dare. Maganin magaribar nan da ya mayar, dan ƙarfe biyun dare aka kawo shi. Maganin zafi ya fi aiki in ya riga zafin shiga jiki, in aka bari ya kama sai an ninka ƙoƙari kafin a kwantar da shi.

Ki lura da agogo ke da kanki. Abin da aka saba bayarwa shi ne farasitamol ƙwaya biyu masu 500 duk awa shida, ko yana jin zafi ko ba ya ji a kwanakin nan na farko, kar ya wuce ƙwaya takwas a awa 24, kuma kar a haɗa mai da maganin mura na kemis dan da yawansu akwai farasitamol a ciki, hanta ce ke biyan kuɗin. Su daikulofenak da ibufurofen suna taimakawa amma ba na kowa ba ne, mai olsa ko ciwon ƙoda ba ya sha, kuma in irin aikin da aka saka ƙarfe ne dan gaɓa biyu su haɗe, wasu likitocin ba sa son a daɗe a kansu. Abin da aka rubuta mai shi za a bi, ba abin da ya yi wa mai zuwa dubiya aiki ba.

Bari in ɗan yi ƙorafi a kan mazanmu tunda dama ta samu. Za ka zo kan Bahaushe yana cije leɓe ya riƙe ƙarfen gado, ka ce Malam ya jiki, ya ce da sauƙi alhamdulillah. Tarbiyya ce mai kyau a zaure, amma nas ɗin da ba ta san mu ba rubutawa za ta yi ba ya jin zafi ta wuce gado na gaba. Ya yi hamdalarsa, sannan ya ba da lamba, in sifili ba zafi goma kuma zafin da ba a taɓa ji ba, ya ce ina kan bakwai. Da lambar muke aiki. Kwana na biyu da na uku su ne masu wuya, daga nan ya kamata kullum a ga ana samun ragi.

Abubuwan da za su sa ki tada kowa ko ƙarfe nawa ne daban suke. Fitsari ya ƙi fita ko ya dinga zuba bai sani ba, ko bayan gida ya kufce mai, ko wurin tsarki da tsakanin cinyoyi ya mutu har ba ya jin sanyin ruwan buta, ko ƙafa ta fara rauni yana jan ta bayan da tana ɗaguwa. Wannan yana iya zama jini ne ya taru ya danne jijiyoyin ƙasan laka, kuma awoyi ake lissafawa ba kwanaki ba. Haka zazzaɓi, ko yankan ya fara ruwa ko mugunya, ko sha-raɓa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi wuya. In kuna gida ya faru kar ki ce bari gari ya waye, da dare ma hanya ta fi sauƙi kafin gosulo ya tashi, in ba mota ki kira 112 ko 767.

Ranar sallama kuma dan Allah a nemi ƙaramar mota a kwantar mai da kujerar gaba. Ba acaba, ba keke Marwa, ba kujerar bayan danfo. Sunkuyo da murɗa jiki da ɗaukar jarkar ruwa a ajiye su kamar sati shida ko yadda likitansa ya ce, in masan gidan na tsuguno ne a samo kujera mai rami, keken ɗinki kuma ya jira izini.

Tambaya daga Apapa:

Likita ka rufa min asiri kar ka saka ko harafin sunana. Ni direban tirela ne ina lodi daga fot zuwa arewa, shekara uku ina shan tiramol mai 225 saboda ciwon baya da barcin hanya, kullum sai na sha biyu wani lokacin uku, yanzu an ce za a yi min aiki kuma ban faɗa wa likita ba dan ina jin kunya kuma ina tsoron kar a haɗa ni da NDLEA, wani abokina ya ce in za a yi min allurar bayan nan ba sai na faɗa ba tunda ita za ta kashe zafin. Ina so in rabu da abin nan wlh.

Amsa:

Ƙanina asirinka a rufe, kuma ka yi ƙoƙari da ka iya furtawa. Amma abokinka ya ba ka gurguwar shawara. Ka faɗa, ka faɗi adadin kuma na gaskiya, kar ka rage. Likitan sa barci ba ɗan sanda ba ne, sirrin mara lafiya amana ce a wuyansa, kuma ba kai ne na farko da ya ji haka daga bakinsa ba.

Ga dalili. Tiramol ɗin da NAFDAC ta amince da shi mai 50 ne da mai 100, kuma ko a asibiti ba ma wuce miligiram 400 a awa 24. Kai kana shan 450 zuwa 675 shekara uku, jikinka ya saba, ma'ana in aka ba ka mofin daidai na mutumin da bai taɓa sha ba kamar an ɗiga ruwa a rairayi ne, za ka yi ta ihu ana cewa raki ne. Na biyu, ranar da ka kwanta asibiti ka daina sha kwatsam, cikin kwana ɗaya jiki zai fara nema, gumi, hamma, ciwon gaɓoɓi, gudawa, rashin barci, tashin hankali, sai a ɗauka maleriya ce ko ƙwayar cuta ta shiga yankan a bi hanyar da ba ita ba. Allurar baya ba ta taɓa wannan ko kaɗan, naman baya kawai ta sani. Na uku, tiramol mai yawa yana kawo jijjiga, kuma yana faɗa da wasu magungunan da za mu iya ba ka ba mu sani ba. Ko fenta da aka saba yi a asibitocinmu, in aka yi wa wanda jikinsa ya saba da irin waɗannan tana iya tayar mai da ciwon rashin ƙwayar nan take.

In ka faɗa kuwa, kai ne mutumin da allurar nan ta fi yi wa rana. Za a shirya maka ita, a haɗa da magungunan da ba sa kama mutum, a lissafa abin da jikinka ya saba da shi a ba ka a ƙa'ida, sannan bayan aiki a dinga ragewa mataki-mataki. Kar ka yanke da kanka sati ɗaya kafin aiki dan ka je da tsabta, wahala za ka sha a banza. Ka nemi a haɗa ka da masu taimaka wa mutane barin ƙwaya, asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba suna da sashen wannan, kuma zuwa can ba ya nufin hauka. Watannin da za ka yi ba ka kan sitiyari su ne damar da ba ka samu ba a shekara ukun nan.

Tambaya daga Obalende:

Assalamu alaikum likita, ni dattijuwa ce 'yata ke rubuta min, an yi min aikin baya wata tara kenan, ƙafar ta yi sauƙi da farko amma yanzu zafin ya dawo yana sauka har ɗan yatsa, likita ya ce za a yi min allura a baya a ɗakin hoto, ni kuma ina da suga kuma ina shan maganin tsinka jini tunda na yi ciwon zuciya. Akwai wani mai kemis a layinmu yana allurar ciwon baya da araha, ba ɗaya ba ne?

Amsa:

Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara lafiya ya yi wa 'yar albarka. Ba ɗaya ba ne, ko kusa. Abin da masu kemis suka saba yi daikulofenak ne ko siteroyid a ɗuwawu, ki ji daɗi kwana biyu, ƙoda da ciki da sugan su ɗauki nauyin, kuma ke mai shan maganin tsinka jini allurar cikin nama ma kanta tana iya tara miki jini. In kuma cewa ya yi zai soka a bayan ne, to ki rufe ƙofarki.

Wadda likitanki yake nufi ta bambanta da wadda na yi bayani a sama. Bayan aiki wani lokacin tabo yakan yi a ciki ya kama jijiya, ko guringuntsin ya sake ɓullowa, ko gaɓar da ke kusa ta gaji, shi ya sa galibi ake sabon MRI tukuna. In jijiya ce ta kumbura, ana kai allura siririya kusa da inda ta fito daga ƙashi, ana kallo da na'urar hoton ƙashi, a zuba maganin sa jijiya barci haɗe da siteroyid ya sace kumburin. Ta fi yi wa zafin da ke sauka ƙafa aiki irin naki, sauƙin yakan kai makonni zuwa 'yan watanni, wasu kuma ba ta yi musu ba, kuma ba a yawaita ta, sau uku ko huɗu a shekara ake tsayawa. Ribarta ita ce ki samu sararin yin gashin ƙashi da tafiya, in aka yi allura aka koma aka kwanta an yi asarar ta. Akwai wata kuma ta gwaji ga masu ciwon da ya tsaya a ƙugu, a sa wa ƙananan jijiyoyin mahaɗar gaɓa barci a gani, in zafin ya ɗauke an gano mai laifi sai a ƙona su da zafin lantarki, a samu sauƙi na wata shida zuwa shekara kafin su sake tohowa.

Abu biyu naki na musamman. Siteroyid zai ɗaga sugan na kwanaki, wani lokacin ya haura sati, ki tanadi abin gwaji ki dinga aunawa safe da yamma, kuma in sugan dama a sama yake a fara saita shi. Maganin tsinka jini kuma, ita wannan allurar kusa da bututun laka take zuwa, jini in ya taru a nan matsala ce babba, dan haka irin su wafarin da kulofidogirel ana tsayar da su wajen kwana biyar zuwa bakwai kafin a yi. Amma ba ke za ki tsayar ba Hajiya, likitan zuciyarki ne zai ce a tsaya ko kar a tsaya, musamman in an taɓa saka miki ƙarfen buɗe jijiyar zuciya. 'Yarki ta zuba duk kwalayen magungunan a leda ta kai wa likitocin biyu su gani da idonsu. In kuna neman ra'ayi na biyu, asibitin ƙashi na Igbobi da LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja duk suna da likitocin baya, in kuma gida za ki koma jinya akwai asibitin ƙashi na Dala a Kano.

Tambaya daga Alaba Rago:

Likita a taƙaice, allurar nan tana karya azumi? Kuma ya mutum zai yi salla bayan aikin tunda an hana sunkuyo?

Amsa:

Fatawa ta malamai ce, amma abin da mafi yawansu suka tafi a kai shi ne allurar da ba ta abinci ba ce ba ta karya azumi, kuma wannan ba ta bi ta ciki ba. Sai dai ranar tiyata da kwanakin bayanta ga ƙarin ruwa ga magani duk awa shida, mara lafiya ne kai, ka sha ka rama daga baya. Salla kuwa hadisin Imrana ɗan Husaini ya isar, a tsaye, in ba ka iya ba a zaune, in ba ka iya ba a kishingiɗe. Kwanakin farko ka yi a gado da nuni, in ka fara zama ka samu kujera mai tsayi mai jingina, ka ɗan rusuna da kai a ruku'u ka ƙara kaɗan a sujada, bayan a miƙe. Wurin alwala ne mutane suka fi yi wa kansu illa, a tsuguna da buta ko a ɗaga ƙafa sama a wanke. Ka zauna a kujera wani ya zuba maka a ƙafar, kuma ranar komawa asibiti ka tambayi likitan tiyata yaushe za ka iya kai goshi ƙasa, dan wanda aka cire wa guringuntsi kawai ya fi wanda aka saka wa ƙarfe saurin samun izini.